Tambaya da Amsa: Idan Waswasi da Fargaba Suka Kama Yaro

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon yawancinsu daga iyaye ne da yaransu ke fama da waswasi ko fargaba. Mun zaɓi bakwai, mun cire sunaye, mun taƙaita dogayen. Amsoshin ba za su ɗauke muku zuwa asibiti ba, amma za su nuna muku yadda ake maganin da kuma rabon aikin da ya rataya a wuyanku a gida.

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 10 ta kai wata biyar tana wanke hannu ba ƙaƙƙautawa. In ta shiga banɗaki sai ta yi minti 30 ko 40, bayan hannunta duk ya tsattsage. Ba ta kama mariƙin ƙofa sai da gefen rigarta. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, mun ɓoye sabulu, kullum ana magani kai na kumbura. Tsabta ce ta yi mata yawa ko ciwo ne? (Wata uwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba ta lafiya. Abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon waswasi, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da OCD. Likita ne zai tabbatar bayan ya zauna da ita, amma ma'aunin a fili yake: idan abin yana cin fiye da awa 1 a rana, ko yana jefa yaro cikin ƙunci, ko yana hana shi karatu da barci da wasa, ya wuce ɗabi'a ya zama ciwo. Yana kama kimanin yaro 1 zuwa 3 cikin 100, kuma shekarun 'yarki suna cikin lokacin da ya fi fara bayyana.

Da ƙafa biyu ciwon yake tafiya. Ta farko tunani ne da ke faɗo wa yaro ba da sonsa ba, ya ƙi tafiya: "hannuna ya ɗauki ƙwayar cuta, zan sa wa Mama, ta mutu." Ta biyu aikin dolen da yake yi don tsoron ya lafa, kamar wanki, dube-dube, ƙirge, jera kaya sai sun daidaita, ko maimaita wata magana a zuci. Da zarar ta wanke hannu, tsoron zai sauka na ɗan lokaci. Wannan sauƙin shi ne tarkon, domin ƙwaƙwalwarta tana ɗauka cewa wankin ne ya tserar da ita. Gobe tunanin zai dawo, wankin jiya kuma ba zai ishe ta ba. Shi ya sa ɓoye sabulu bai yi aiki ba: tsoron yana nan daram, sai ta nemi wata hanya, ta wanke da ruwa zalla ko ta daina taɓa komai.

Maganin da ya fi inganci dabara ce da za mu kira tunkara da kamewa. Yaro yana tunkarar abin da yake tsoro da gangan, kaɗan-kaɗan, sannan ya kame daga aikin dolen. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Victor Meyer ne ya fara bayyana ta a Landan a 1966, kuma har yau ita ce kan gaba. Yawanci ana yin zama 12 zuwa 16 da masani, sau ɗaya a mako, amma ainihin aikin a gida ake yinsa kullum.

Ga yadda take. Da farko ku raba yarinyar da ciwon. Ta raɗa masa suna da kanta, ko da "Mai Takura" ne, domin faɗan ya tashi daga tsakaninki da ita ya koma ku biyu a kansa shi kaɗai. Sai ku yi ma'aunin tsoro daga 0 zuwa 10. Ku rubuta duk abin da take gudu, ita ce za ta ba kowanne maki, ba ke ba. Sai ku jera su kamar tsani, daga mai ƙaramin maki zuwa mai babba. Tsanin zai iya fitowa kamar haka: ɗaukar littafinta da ya faɗi ƙasa 2, taɓa mariƙin ƙofar ɗakinta da yatsa ɗaya 4, kama shi da tafin hannu gaba ɗaya 5, kama mariƙin ƙofar waje sannan ta shafi kumatunta 7, taɓa kan famfon banɗaki ta fito ba ta sake wanki ba 9.

A fara da mai maki 2 ko 3. Ta ɗauki littafin, ta zauna da hannun haka nan, ke kina kusa. Duk bayan minti biyu ko uku ki tambaye ta makin tsoron kawai. Zai hau da farko, yawanci kuma yakan fara sauka da kansa. Ko bai sauka sosai a zaman ba, an ci riba, domin abin da ake so ta koya shi ne za ta iya jure tsoron ba tare da wanki ba. A maimaita matakin nan kullum, minti 15 zuwa 30, har sai ya daina ɗaga mata hankali, sannan a hau na gaba. Idan ba ta iya barin wankin gaba ɗaya ba tukuna, a fara da jinkirta shi minti 2, sai 5, sai 15, ko a rage tsawonsa da agogo. Inda aka nufa shi ne wankin kowa da kowa: kafin cin abinci, bayan fitowa daga banɗaki, da lokacin da ake ganin datti da ido, daƙiƙa 20, sau ɗaya.

Inda abin ya fi lalacewa wurare kaɗan ne, kuma kusan kowane gida sai ya faɗa ɗaya daga cikinsu. Akwai garaje, a tsallaka zuwa mai maki 8 a makon farko, yarinya ta firgita ta ce ta fasa. Akwai mamaya, a kama hannunta a ɗora a kan abin da take tsoro ba da yardarta ba, wannan kuwa yana rushe amana. Akwai aikin dole na ɓoye: ta kame a gabanki, amma tana ƙirge a zuci, ko tana goge yatsan a jikin riga, ko ta yi wa kanta alkawarin wanki mai tsawo anjima. Ki tambaye ta a hankali, ba da sigar tuhuma ba. Sai kuma wanda ya fi wuyar bari ga uwa, wato faɗin "babu abin da zai same ki" a tsakiyar aikin. Wannan magana tana yi mata aikin da sabulu yake yi. Ki ce mata: "Na ga yana da wuya, kuma ga shi kina yi."

Hannun kuma a riƙa shafa masa mai mai kauri bayan kowane wanki da kafin barci. Idan tsagar ta fara ja ko tana ruwa, a nuna wa likita.

Tambaya: Ɗana shekararsa 12. Kowane dare sai ya tambayi mahaifiyarsa ko an kulle ƙofa, ko ba wanda zai mutu, ya fi sau 20. In ba a amsa da irin kalmomin da yake so ba, sai ihu da jifa da kaya. Yanzu har ƙannensa ba sa shiga ɗakinsa sai sun canza tufafi. Ya rantse ba zai je wajen likita ba. Ni ina ganin taurin kai ne, ita kuma tana biye masa. Wa ke da gaskiya? (Wani uba)

Amsa: Malam, kowannenku ya kama gefe ɗaya na gaskiyar. Ita ta gane cewa yaron yana shan wahala da gaske, kai kuma ka gane cewa biye masa ba ya kai ku ko'ina. Inda za mu saɓa maka shi ne batun taurin kai. Yaron da ya yi tambaya ɗaya sau 20 ya san amsar tun a karon farko, tsoro ne ke hana amsar zama a ransa. Duka da tsawa suna ƙara tsoron, kuma suna koya masa ɓoye abin da ke damunsa.

Amsa tambayoyin, canza tufafin, duba masa ƙofa, duk suna cikin abin da masana ke kira biye wa ciwon, kuma mafi yawan iyayen irin waɗannan yara suna yi, don tausayi da neman zaman lafiya. Matsalar ita ce gidan gaba ɗaya ya zama hannun da ciwon ke aiki da shi. Abin farin ciki, wannan ɓangaren a hannunku yake, ba ya buƙatar yardar yaron. Eli Lebowitz na Jami'ar Yale a Amurka ya tsara wata hanya da iyaye kaɗai ke zuwa wajen masani. A wani gwaji da aka buga a 2020 a kan yara 124 masu fargaba, 'yan shekara 7 zuwa 14, yaran da iyayensu suka bi wannan hanya sun sami sauƙi daidai da waɗanda aka zauna da su kai tsaye.

Ku ɗauki mako guda kuna rubuta duk abin da kuke yi ko kuka daina yi saboda ciwon, daga safe zuwa dare, ba tare da kun canza komai ba. Daga nan ku zaɓi abu ɗaya tak, wanda yake faruwa kusan kullum kuma aikinku ne ba nasa ba. Tambayoyin dare sun dace. Ku sanar da shi da rana, lokacin da hankalinsa yake kwance, ku biyu tare, a taƙaice, in so samu ne a rubuce: "Mun san tsoron nan yana wahalar da kai. Mun gane cewa amsa maka da muke ta yi ba ta taimake ka ba. Daga ranar Asabar za mu amsa sau ɗaya kowane dare. Ba horo ba ne, kuma ba fushi muke yi ba." Idan daga 20 zuwa 1 ya yi nisa, ku ba shi katin tambaya 5 a dare, duk tambaya ya miƙa ɗaya, bayan mako su koma 3, sannan 1.

In ya sake tambaya bayan an amsa, maganarku guda ce, mai rassa biyu, yarda da wahalarsa da kuma amincewa da ƙarfinsa: "Na san kana jin tsoro sosai, kuma na tabbata za ka iya jurewa." Kada a shiga muhawara, kada a kawo hujjoji, domin doguwar hujja ma amsa ce.

Ku shirya wa kwanakin farko, abin zai ƙaru kafin ya ragu. Zai yi kuka, zai yi ihu, zai ce ba kwa ƙaunarsa. Nan ne gidaje da yawa ke karaya, kuma karaya bayan awa ɗaya ta ihu ta fi rashin farawa muni, don darasin da zai ɗauka shi ne ihun awa ɗaya yana buɗe ƙofa. Saboda haka kada ku fara abin da ba za ku iya riƙewa ba, kuma kada ku fara a makon jarrabawa ko lokacin da wani yake kwance ba lafiya. Ku kawar da abin da zai iya fashewa, ku fitar da ƙannen daga wurin. Idan ya kai ga dukan mutane ko ji wa kansa ciwo, ko ya ambaci kashe kansa, a dakata a nemi likita a ranar.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: in kai ka kame ita tana amsawa a ɓoye, ko ita ta kame kai kana tsawa, aikin ya ɓaci. Ku sasanta a bayan idonsa. Ƙannen kuma a faɗa musu da kalmomin da za su gane cewa yayansu ba shi da lafiya, kuma ba aikinsu ba ne bin dokokin ciwon. Batun canza tufafi shi zai biyo baya, idan na farko ya zauna.

Tambaya: 'Yata mai shekara 14 ta zo mini tana kuka, wai tunani yana zuwa mata cewa za ta soki ƙaninta jariri da wuƙa. Ta daina ɗaukarsa, ta roƙe ni in ɓoye wuƙaƙe. Yarinya ce mai tausayi. Jikina ya mutu. Shin hatsari ce ga jaririn? (Wata uwa)

Amsa: Malama, ki gode wa Allah da ta iya faɗa miki, yara da yawa sukan riƙe irin wannan shekara da shekaru don kunya. Ki lura da yadda abin yake: tunanin yana firgita ta, tana ƙyamarsa, tana gudun jaririn don ta kare shi. Wannan ita ce siffar waswasi, kuma ya saba kama mutum ta inda ya fi ƙauna. Mai tausayi yakan sami tunanin cutarwa, mai riƙon addini yakan sami tunanin saɓo a tsakiyar ibada, mai kunya yakan sami tunanin batsa. Masu wannan ciwo ba a san su da aikata abin da suke tsoro ba.

Irin waɗannan tunane-tunane suna faɗo wa kusan kowa. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan ɗalibai 777 a ƙasashe 13 ya gano kusan kashi 94 cikin 100 sun sami tunanin da ba sa so a watanni ukun da suka gabata. Yawancin mutane sukan yi tsaki su wuce. Mai waswasi kan tsaya ya ce "tunda na yi tunanin, ashe ni muguwa ce," sai ya shiga kokawar kore shi. Kokawar kuwa ita ke dawo da shi. Gwada ki hana kanki tunanin wani abu na minti ɗaya, za ki ga shi ne yake ta zuwa.

Ki kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam da ya san ciwon waswasi, a tantance. Akwai alamun da ke nuna wani abu daban ne, masu buƙatar gaggawa: idan tunanin yana mata daɗi ko tana shirya yadda za ta aikata, idan tana jin murya daga waje tana ba ta umarni, idan ta rikice ba ta gane mutane, ko tana son ta mutu. Ki tambaye ta wannan na ƙarshen kai tsaye. Tambayar ba ta dasa wa yaro tunanin.

Idan an tabbatar waswasi ne, maganin zai bi tsani shi ma, ƙarƙashin kulawar masani: zama kusa da jaririn, riƙe shi kina ɗakin, rubuta tunanin a takarda, har zuwa amfani da wuƙa a aikin gida kamar da. Ki yi mata bayanin ciwon sau ɗaya, da kyau. In ta fara zuwa kullum tana zayyana miki kowane tunani don ki ce "ke ba muguwa ba ce," to zayyanawar ta zama aikin dole, sai a bi da ita kamar yadda muka faɗa wa mai tambayar da ta gabata.

Tambaya: Likita ya rubuta wa ɗana mai shekara 11 ƙwaya saboda waswasi. Mako 3 ke nan ban ga canji ba. An kuma ce mini irin wannan magani yana kama jiki, har yana sa yara tunanin kashe kansu. In dakatar? (Wani uba)

Amsa: Kada ka dakatar da kanka, Malam, ka koma ka yi magana da likitan. Mako 3 ya yi kaɗan a yanke hukunci. A ciwon waswasi ana ba magani mako 10 zuwa 12, a kan adadin da ya isa, kafin a ce bai yi ba, kuma sau da yawa ana buƙatar adadi mai ɗan yawa fiye da na ciwon damuwa.

Magunguna huɗu ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da su don waswasi a yara, ga sunayensu yadda ake rubuta su a kwali: sertraline daga shekara 6, fluoxetine daga 7, fluvoxamine daga 8, clomipramine daga 10. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa. Sertraline, misali, ana fara shi da miligiram 25 a rana ga 'yan 6 zuwa 12, miligiram 50 ga 'yan 13 zuwa 17, kuma ba a wuce 200. Clomipramine ba a cika farawa da shi ba saboda yana iya taɓa bugun zuciya, sai an yi awon zuciya kafin a ba da shi.

Maganar tunanin kashe kai tana da tushe. A 2004 hukumar ta sa gargaɗi a kwalayen bayan ta haɗa gwaje-gwaje 24 na yara fiye da 4,000: kimanin kashi 4 cikin 100 na masu shan maganin sun sami irin wannan tunani ko hali, kashi 2 kuma a cikin masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta. Ba yaron da ya kashe kansa a gwaje-gwajen. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne sa ido a makonnin farko da duk lokacin da aka canza adadi. Rashin zama wuri ɗaya, rashin barci, fushin da ba a saba gani ba, ko maganar mutuwa, duk dalili ne na kiran likita a ranar. Ka kuma sanar da shi idan a danginku akwai mai ciwon da yake hawa da sauka tsakanin zumuɗi mai tsanani da damuwa. Tashin zuciya da ciwon kai na farko-farko yawanci suna wucewa cikin mako ɗaya ko biyu.

Waɗannan magunguna ba sa sa maye, ba sa sa mutum ƙishirwarsu. Amma yanke su rana ɗaya yana kawo jiri, tashin zuciya da saurin fushi, shi ya sa ake janye su a hankali, bayan yaro ya yi aƙalla wata 6 zuwa shekara yana cikin sauƙi. Masu kama jiki su ne irin su diazepam, kuma ba su ne maganin waswasi ko fargabar yara ba.

Tambayar da za ka yi wa likitan ita ce ina za a samu tunkara da kamewa. A wani babban gwaji da aka buga a 2004 a kan yara 112, bayan mako 12 ciwon ya lafa kusan gaba ɗaya a kashi 54 na waɗanda suka haɗa dabarar da sertraline, kashi 39 na masu dabarar kaɗai, kashi 21 na masu ƙwayar kaɗai, da kashi 4 na masu ƙwayar da ba magani. Ƙwaya tana rage ƙarfin tsoron, dabarar ce ke koya wa yaro abin da zai riƙe bayan an daina sha.

Tambaya: Jikana shekararsa 7. Kullum da safe ciwon ciki da kuka, sai an bar shi a gida, kafin hantsi ya warke yana wasa. Asabar da Lahadi lafiyarsa ƙalau. Kwana 18 ke nan bai je makaranta ba. Ƙarya yake yi? (Wata kaka)

Amsa: Hajiya, ba ƙarya yake yi ba. Fargaba tana murɗa ciki da gaske, tana kuma sakinsa da zarar abin tsoron ya kau. Likita ya duba shi sau ɗaya da kyau, har da ido da kunne. Sannan a bincika makarantar: ko akwai mai cin zalinsa, ko malami mai tsanani, ko karatun ne ya fi ƙarfinsa, ko banɗakin yake tsoro. Idan akwai irin wannan, shi za a fara gyarawa. Idan babu, kuma yana manne wa uwarsa a gida, ba ya kwana shi kaɗai, yana tsoron wani abu zai same ta, ya fi kama da fargabar rabuwa, wadda ake ɗauka ciwo idan ta kai mako 4 tana hana yaro harkokinsa.

Kowace rana da ya ƙara a gida tana ƙara wa komawar nauyi, don haka a fara a wannan makon, tare da malamin ajinsa. Ranar farko ya sa kayan makaranta a je bakin ƙofar makarantar. Kashegari ya shiga aji na darasi ɗaya. Sai zuwa lokacin tara, sai rabin yini, sai cikakke, cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya fi dakewa a gidan shi zai riƙa kai shi. Sallamar kada ta wuce minti ɗaya, da kalmomi iri ɗaya kullum, a miƙa shi hannun malamin da aka shirya da shi. Kada a sulale a gudu yana kallon wani wuri, kuma kada a makara wajen ɗaukarsa ko da minti biyar ne a makonnin farko, domin da cika alkawarin nan yake auna ko zai yarda gobe.

A sa doka bayyananna: zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni, amai ko gudawa, su ne ke sa a zauna a gida. Ranar da ya zauna kuma babu talabijin, babu waya, sai aikin makaranta har lokacin tashi. A koya masa numfashi a hankali, ya ja yana ƙirga 4, ya saki yana ƙirga 6. Idan mako biyu suka wuce ba ci gaba, a nemi masani. Fargabar yara tana jin magani sosai: a wani gwaji da aka buga a 2008 a kan yara 488, kashi 60 sun sami sauƙi mai yawa da zaman masani kaɗai, kashi 81 da aka haɗa da ƙwaya. Mai shekara 7 da bai daɗe da farawa ba, da zaman masani ake fara masa.

Tambaya: Ɗana mai shekara 8 lafiya lau ya kwanta, cikin kwana biyu ya koma wani mutum: wanke-wanke, ƙifta ido, fitsarin kwance, rubutunsa ya lalace. Makonni kaɗan kafin nan ya yi ciwon maƙogwaro. (Wata uwa)

Amsa: Malama, ki kai shi wajen likitan yara yau ko gobe, ki faɗi maganar maƙogwaron. Waswasi yakan shigo ne a hankali cikin watanni. Wanda ya faɗo dare ɗaya tare da fizgar jiki da matsalar fitsari yana buƙatar binciken jiki. A 1998 likita Susan Swedo da abokan aikinta a Amurka sun bayyana yara 50 da irin wannan ya same su bayan kamuwa da ƙwayar cutar maƙogwaro ta sitirep, ana zaton garkuwar jiki ce ke taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwa. Masana suna ci gaba da muhawara a kan yadda abin yake. Likita zai auna maƙogwaro da jini, ya saurari zuciya domin ƙwayar nan tana iya taɓa ta, ya kuma kore wasu cututtukan ƙwaƙwalwa. Kada a saya masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da awo ba. Idan ya ƙi ci da sha, ko ya rikice, ko ya yi farfaɗiya, sashen gaggawa za a nufa nan take.

Tambaya: 'Yata ta gama magani ta sami sauƙi, alhamdulillah. Amma ni ma tun ina ƙarama nake duba ƙofa da murhu sau da yawa. Ni na sa mata? Kuma zai dawo? (Wata uwa)

Amsa: Muna taya ku murna, Malama. Gado yana da hannu, binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa a yara daga nan yake, kuma ba wanda ya zaɓi abin da ya gada ko ya gadar. Tarbiyyarki ba ita ta haifar da ciwon ba. Idan dube-duben naki yana cin lokacinki, ki nemi magani ke ma, dabarar tana aiki ga manya, kuma zai yi wuya ki hana ta abin da take ganin kina yi.

Yana iya leƙowa, musamman lokacin jarrabawa, rashin lafiya, sauya gida ko makaranta, ko rasuwa. Sau da yawa da sabuwar fuska yake zuwa: mai wanki a da ta koma mai goge rubutu tana sakewa, ko mai yawan neman gafara. Ku ajiye tsanin da kuka yi amfani da shi, ta riƙa maimaita matakan sama sau ɗaya a mako na 'yan watanni. Ki kula da barcinta, awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, awa 8 zuwa 10 ga matasa. In kika ga sabuwar doka ta ɓullo, ku kira ta da sunan da ta raɗa wa ciwon, ku yi mata ɗan ƙaramin tsani a makon. Idan mako biyu suka wuce tana ƙaruwa, ku koma wajen masanin, zama biyu ko uku na tuni sau da yawa sun isa.